Waya da Wuya

Ƙarfe uku da kwata, a Busan,
hawa na goma sha bakwai, teburin gefen taga,
wayata ta yi gyaran murya:
"Seon-ok, lokaci ya yi. Ɗago kai."

Ji mai magana!
Ita da ta sunkuyar da ni shekara goma sha ɗaya,
a jirgin ƙasa, a layin biyan kuɗi, a kan filo,
yau ta sako farar riga ta zama likita.
Halin ɓera ke nan: ta ciza, ta hura.

Amma ciwo ba ya barin mutum ya yi zuciya.
Tun daga ƙeya har allon kafaɗa
akwai wata igiya da ake ja kullum da la'asar,
ban san wanda ke riƙe da bakinta ba.

Wata 'yar tsana ta fito a fuskar wayar,
ba ta da kuɗin haya, ba ta da manaja,
wuyanta sumul kamar na tulu.
"Ja haɓa ciki. Ƙirga goma."
Na ja. Wani abu ya ce ƙas,
kamar an taka ɓawon gyaɗa.
"Kai kunne ga kafaɗa."
Na kai, sai na hango Manaja Pyeon
a bayan tukunyar fure, shi ma a karkace,
muka haɗa ido, kowa ya yi kamar agogon bango yake dubawa.

"Juya hagu, a hankali."
Ashe akwai teku.
Shekara shida ina shigar da lambobin kwantena
ban taɓa duban kwantenar da idona ba.
Ga su can, ja da shuɗi, an jibge kamar sabulu,
ga injinan ɗaga kaya tsaye a bakin ruwa
kamar zalɓe, su duƙa, su ɗauka,
su miƙe.
Su ba sa mantawa da miƙewa.

"Juya dama."
Dama ita ce Jagalchi, kasuwar kifi,
inda innata ta ƙarar da ƙuruciyarta.
Gammo ɗaya, daro ɗaya, kifi da ƙanƙara,
ta hau matakalan Yeongdo ɗari da wani abu
ruwan gishiri na bin bayanta,
wuyanta tsaye kamar taɓarya.
Ba ta taɓa kallon ƙasa ba,
mai kaya a ka ba ya kallon ƙasa.

Ranar Lahadi na nuna mata manhajar.
Ta riƙe wayar nesa da fuska, ta daɗe,
sannan ta ce, "Me kike ɗauka a ofis ɗin?"
Na ce, "Ba komai, Inna."
Ta danna min ƙeya da babban yatsa
mai kaushi, mai ƙarnin shekara arba'in,
daidai wurin, ba tare da ta tambaya ba.
Ta ce, "To ba-komai ɗin nan ya yi miki nauyi.
Ni nawa kayan ina sauke shi da magariba."

"Numfasa. Saki kafaɗu. Kin gama."
Wayar ta yi guɗa,
ta ba ni tauraro na kwana tara a jere,
ta ce in na biya kuɗin wata za ta ƙara min wasu.
Na kama kaina ina sunkuyawa
don in ga tauraron da kyau.

An ce wuya ba ta kisa.
Wanda ya faɗa bai ce komai a kan waya ba.

Na kife ta a kan takardu.
Sai na sake ɗaukarta, na nemo lambar Inna,
na kara a kunne, na tashi tsaye.
Tana ta ƙara ba a ɗauka ba,
wataƙila tana wanke hannu.
Na jira, fuskata ga taga,
wani jirgi yana fita da kayan da na rubuta da safe.